Saƙar gizo a ƙafa: Abin da ya kamata mu sani kafin a ce a kawo allura

Akwai wani irin gajeren bidiyo da ke yawo a wayoyi. Ƙafa ce a shimfiɗe, wasu jajayen zare-zare sun bazu a kan fatarta kamar saƙar gizo-gizo. Sai a ga hannu sanye da safar roba ya tsira siririyar allura, nan take zaren ya ɓace kamar an goge alli a kan allo. Bidiyon ba ya kai minti guda, amma ya isa ya sa ɗalibar aji biyar ta koma ɗaki ta duba sharaɓarta, ta fara tunanin ko ita ma tana da ciwon da sai an yi mata allura.

Allurar gaskiya ce. Likitoci sun daɗe suna yin ta, kuma tana aiki idan an yi ta inda ya dace. Sai dai bidiyon ba ya faɗin wanda ya kamata a yi wa ita, da wanda ya kamata ya yi ta, da abin da ke biyo baya idan aka kuskure. A Furana da sauran garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan, kemis ya fi babban asibiti kusa da gida, kuma mutane da yawa suna ganin ba a yi magani ba sai an sha allura. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun da ƙannenmu na sakandare, domin ku gane abin da ke ƙarƙashin fatarku tun kafin wani ya tallata muku maganinsa.

Jijiya suna ta tara

Idan Bahaushe ya ce jijiya, abu huɗu yake iya nufi. Agarar da ke saman dunduniya, wadda ta haɗa tsoka da ƙashi, jijiya ce. Farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Bututun da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, wanda muke jin bugunsa a wuyan hannu, jijiya ne. Na huɗu shi ne bututun da ke dawo da jinin zuwa zuciya. Tun da suna ɗaya ya haɗa su, sai ka ga mutum ya ce yana ciwon jijiya, mai ba shi magani kuma ya fahimci wata jijiyar daban. Maganarmu ta yau a kan ta huɗun ce, wato jijiyar dawo da jini.

Ita ce muke gani kore-kore ko shuɗi-shuɗi a bayan hannu. Wasu suna ɗauka mataccen jini ne a ciki. Jinin da ke cikinta lafiyayye ne kuma ja ne, sai dai ya fi duhu saboda ya riga ya sauke iskar oksijin da ya ɗauko daga huhu. Launin kore da muke gani, yadda haske ke ratsa fata ya dawo idonmu ne ke haifar da shi.

Yadda jini ke hawa tudu

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, zuciya kuma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana tana tura shi. Saukowar jini daga ƙirji zuwa tafin ƙafa ba wuya, gangara ce. Komawarsa sama ita ce aiki. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa fadama ya san ruwa ba ya hawa daga rafi zuwa gona sai da inji, kuma idan bawul ɗin da ke bakin tiyo ya lalace, ruwan da aka jawo komawa yake yi.

Haka jiki yake. Injinsa shi ne tsokar sharaɓa. Duk takun da muka yi, tsokar tana matse jijiyoyin da ke can cikinta, jini ya yi sama. Shi ya sa wasu likitoci ke kiran sharaɓa zuciya ta biyu. A cikin jijiyoyin kuma akwai wasu 'yan ƙyamare masu buɗewa ta gefe guda kawai, kamar bawul ɗin tayar keke: jini ya wuce sama, su rufe, ba ya komawa. Idan mutum ya tsaya cik, ƙarfin da jini ke danna jijiyar idon sawu yana hawa sosai. Da ya fara tafiya, sai ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku.

Wani likitan Ingila mai suna William Harvey ya yi amfani da waɗannan ƙyamare a littafin da ya wallafa a 1628 wajen tabbatar da cewa jini zagaye yake yi a jiki. Kuna iya jarraba irin gwajinsa a aji ba tare da kayan aiki ba. Ku saki hannu ƙasa har jijiyoyi su fito. Ku danne ɗaya da yatsa kusa da wuyan hannu, sai abokinku ya sa nasa yatsan ya share jinin zuwa wajen gwiwar hannu, sannan ya ɗage. Za ku ga wani yanki na jijiyar ya kwanta, jinin bai dawo ba, domin ƙyaure ya tare shi. Da kun ɗage yatsanku, sai ta cika daga ƙasa.

Zane iri uku

Idan bangon jijiya ya saki, ko ƙyamaren suka daina rufuwa da kyau, jini yakan taru ya buɗa ta. Likitoci sun kasa abin da ake gani a ƙafa gida uku, bisa ga kaurinsa.

Na farko shi ne saƙar gizo: 'yan siraran jijiyoyi ja ko ruwan hoda ko shunayya, waɗanda kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Sun fi fitowa a cinya da bayan gwiwa da idon sawu. Yawanci ba sa ciwo, ba sa kuma cutarwa. Na biyu koraye ne da ke kwance ƙarƙashin fata, kaurinsu daga milimita 1 zuwa 3. Na uku su ne kumburarrun jijiyoyi masu milimita 3 zuwa sama, waɗanda ke tasowa su nannaɗe kamar igiya. Larabawa suna kiran su dawali, kalmar da ke nufin rassan inabi. Wanda ya taɓa shiga gonar inabi a Kudan ya ga yadda reshe ke murɗewa zai gane dalilin sunan. Waɗannan na ukun ne ke iya kawo nauyin ƙafa, da ƙaiƙayi, da kumburi da yamma, da duhun fata a idon sawu, har da gyambo idan abin ya daɗe.

Abin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. A wani bincike da aka yi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan, wanda aka wallafa a 1999, an duba ƙafafun mutum 1,566 masu shekara 18 zuwa 64. Fiye da kashi 80 cikin 100 suna da saƙar gizo ko korayen jijiyoyi. Kumburarrun kuwa an same su a kashi 40 na maza da kashi 32 na mata. Wato abin da bidiyo ke nunawa kamar wata annoba, yawancin manya suna da shi kaɗan ko da yawa, maza da mata.

Akwai kuma jijiyoyin da ke fitowa alhali lafiyarsu lau. Siririn mutum, da mai hasken fata na halitta, da ɗan ƙwallo, da mai noma, duk jijiyoyinsu sukan fito raɗau, musamman lokacin zafi. Matuƙar a miƙe suke, ba ciwo ba kumburi, kuma suna kwantawa idan an ɗaga ƙafa, babu abin da za a yi wa magani.

Su wa abin ya fi samu?

Babban dalili shi ne gado. Idan iyaye suna da shi, 'ya'ya sun fi kusa da samu. Sai shekaru, domin bangon jijiya yana saki yayin da mutum ke manyanta. Sai juna biyu: jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, sinadaran jikinta suna sassauta bangon jijiya, mahaifa kuma tana danne manyan jijiyoyin ƙugu. Shi ya sa iyayenmu mata da suka yi haihuwa da yawa suka fi fama da shi. Sau da yawa wanda ciki ya kawo yakan ragu cikin watanni uku bayan haihuwa. Ƙiba ma tana taimakawa.

Sai kuma doguwar tsayuwa ko dogon zama wuri guda. Ku dubi sana'o'in yankinmu: mai dafa mazarƙwaila da ke yini a gaban tukunya, mai sayar da rake a kasuwar Makarfi, mai shayi, mai aski, malamin da ke tsaye gaban allo tun safe, direban da ke ɗaukar tumatir daga Ikara ko Hunkuyi ya kwana a hanya bai miƙe ƙafa ba. Manomin da ke kai-komo tsakanin kunya da kunya ya fi su samun sauƙi, domin injin sharaɓarsa yana aiki.

Idan kun lura, duk waɗannan dalilai na manya ne. Da wuya ɗan shekara 15 ya samu irin wannan matsala ta wannan hanya. To, me ke kawo saƙar gizo a fatar matasa?

Man shafawa da ke cinye fata

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. A 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Samari ma sun shiga, akwai kuma iyayen da ke shafa wa ƙananan yara.

Da yawa daga cikin waɗannan mayuka, musamman na haɗi da ake durawa a roba ba suna ba lamba, suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Asalinsa magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa don wasu cututtukan fata, a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki a daina. A jikin kwalin irin wannan magani za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Idan aka mayar da shi man shafawa na kullum, yana hana fata gina kanta. Sai ta yi ta sirancewa har jijiyoyin da ke ƙasa su bayyana, ƙananan kuma su buɗe su ƙi komawa. Daga nan sai saƙar gizo a kumatu da cinya da ƙwauri, sai nankarwa mai faɗi, sai ƙuraje, sai ɗan rauni ya yi makonni bai warke ba. Sinadarin yana kuma ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga.

Wadda wannan ya samu, allura ba za ta fisshe ta ba. An toshe jijiya goma, man zai fito da ashirin, ga shi fatar da ta sirance ba ta jure huda. Mafita ita ce rabuwa da man. Amma wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin fata takan yi bore, ta yi ja da zafi da ƙuraje, har mutum ya koma wa man da gudu. Ta je asibiti da robar man a hannu, a tsara mata yadda za ta janye a hankali. Mu kuma abokan karatunta, tsokana da yi mata suna ba za su taimaka ba. Da yawa sun fara shafawar ne saboda gorin baƙi da aka yi musu.

Ita allurar, yaya take?

Yaƙi da kumburarrun jijiyoyi tsoho ne. An ambace su a wata takardar likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu a 1013, ya bayyana yadda ake fiɗarsu a littafinsa At-Tasrif. Allura kuwa sai da aka ƙera sirinji a 1853 sannan likitocin Faransa suka fara jarraba zuba sinadarin ƙarfe a cikin jijiya don ta toshe. Ta toshe ɗin, amma illar ta yi yawa: ƙuna, ruɓewa, har da asarar rai. Kafin ƙarshen wannan ƙarni likitoci suka yi watsi da hanyar. Sai a 1946 aka samar da sinadari mai dama-dama, wanda har yau ake amfani da shi. A shekarun 1960 wani likita a birnin Dabilin na ƙasar Ailan, George Fegan, ya nuna cewa ɗaure ƙafa tamau bayan allurar yana ƙara nasara. Wajen shekarar 2000 wani likitan Italiya, Lorenzo Tessari, ya fito da hanya mai sauƙi ta kaɗa maganin da iska ya zama kumfa, domin manyan jijiyoyi. Ɗayan maganin da ya fi shahara, folidokanol, sai a 2010 Amurka ta amince a yi wannan aiki da shi. Kun ga an shafe fiye da shekara 150 kafin a kai inda ake yau.

Sunan aikin a likitance sikilerotarafi, daga kalmar Girkanci mai nufin taurara. Likita yana amfani da allura mai kaurin kusan kashi ɗaya bisa uku na milimita, ya shigar da ita cikin 'yar jijiyar, ya zuba ɗigon magani. Maganin yana ƙona shimfiɗar cikin jijiyar da gangan, bangonta ya manne, ta rufe, sannu a hankali jiki ya shanye ta. Jinin da ke bi ta nan sai ya koma wasu hanyoyin, domin yawancin jinin ƙafa ta manyan jijiyoyin can ciki yake bi.

Ɓacewar nan take da ake gani a bidiyo, ruwan maganin ne ya kori jinin da ke ciki na ɗan lokaci. Bayan haka wurin yakan yi ja ko ya yi duhu fiye da da. Saƙar gizo tana ɗaukar mako 3 zuwa 6 kafin ta dushe, manya kuma wata 3 zuwa 4. Zama ɗaya yana cin minti 15 zuwa 45, kuma da yawa sai sun koma sau biyu ko uku. Bayan an gama ana sa safa mai matse ƙafa ta musamman na kwanaki ko makonni, ana so mutum ya riƙa tattaki, ya kuma kare wurin daga rana. Jijiyar da aka toshe ta tafi, amma allurar ba ta hana sababbi fitowa.

Kafin a tsira allurar ma akwai aiki. Likitan ƙwarai zai tambayi tarihin lafiya, ya duba ƙafar a tsaye, idan ya ga alama ya tura a yi sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, don a ga ko akwai babbar jijiya mai lalatattun ƙyamare a ciki. Idan akwai, ita ake fara gyarawa, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Ba a yi wa mai ciki, ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya sai da taka-tsantsan, ko wanda jikinsa ba ya karɓar maganin, ko mai ƙurji a wurin.

Garin neman gira

Ko a hannun ƙwararre, allurar tana da nata. Mutum 1 zuwa 3 cikin 10 sukan samu tabo mai ruwan ƙasa a kan layin jijiyar, saboda sinadarin ƙarfe na jini da ke zauna a fata. Yawanci yana gogewa cikin wata 6 zuwa shekara, wani kuma ya daɗe. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo a duk inda fata ta ji rauni, don haka wadda ta je a goge mata jan zaren da ba kowa ke lura da shi ba tana iya dawowa da baƙin layi da kowa zai gani. Wani lokaci wasu sababbin siraran jijiyoyi sukan fito kewaye da wurin.

Akwai waɗanda suka fi wannan muni, duk da ba su cika faruwa ba. Idan maganin ya zuba a wajen jijiya, yana iya cinye fata ya bar miki. Idan aka kuskure aka zuba shi a jijiyar da ke kai jini, naman da take ciyarwa yana iya mutuwa, har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Wani jikin yana yi wa maganin bore nan take, numfashi ya sarƙe, sai an yi gaggawar ceto. Saboda haka ake yin aikin a wurin da ke da kayan ceton rai. Kuma tun da saƙar gizo yawanci maganar ado ce, ko a Ingila inda gwamnati ke ɗaukar nauyin jinya, ba a cika yin ta kyauta ba idan don kyau kawai ake so.

Yanzu ku kwatanta wannan da bencin bayan kanta. Lasisin da hukumar PCN ke ba masu ƙananan kemis na sayar da wasu ƙayyadaddun magunguna ne. Huda jijiya a zuba maganin da ke ƙona ta ba ya cikin aikinsu, haka ma mai gyaran jiki da mai sayar da kayan kwalliya. Da yawansu mutanen kirki ne da ke taimakon al'umma cikin dare da rana, kuma na kirkin shi zai fara ce muku ku tafi asibiti.

Allurar da ba a tsabtace ba tana da wani haɗarin daban. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi wa miliyoyin mutanen Masar allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ake maimaitawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Sakamakon haka ƙasar ta zama cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu ciwon hanta nau'in C a duniya, sai da ta kashe maƙudan kuɗi kafin ta shawo kansa. A Najeriya, babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Duk allurar da za a yi muku, ko ta mece ce, ku tabbata a gabanku aka ɓare sabon sirinji.

Haka nan kada a bari a yi tsaga ko a kafa ƙaho a kan kumburarriyar jijiya da sunan fitar da mugun jini. Jinin da ke cikinta a matse yake, idan ta fashe tsartuwa yake yi. In hakan ta faru ga wani a gida, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tsawo, a danne wurin da tsumma mai tsabta na aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, sannan a kai shi asibiti.

Yaushe za a tafi asibiti?

A tafi ba jinkiri idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana zafi da ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota, ko haihuwa, ko doguwar jinya a kwance. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan aka haɗa da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko minti ɗaya kada a ƙara. A tafi kuma idan fatar idon sawu ta fara duhu da tauri, ko miki ya wuce mako biyu bai warke ba, ko jijiya ta yi tauri tana ciwo, ko ta taɓa zubar da jini. Ga matasa, gyambon idon sawu yakan zo tare da cutar sikila, don haka yana buƙatar gwajin jini. Yaron da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya girma tun yana ƙarami, da jijiyoyi a kanta, shi ma a kai shi a duba.

Matakin farko shi ne asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Ikara, ko na Makarfi, ko na Hunkuyi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su rubuta takardar tura mutum gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin fata da na fiɗa da na'urorin sikanin. Allura ma ɗaya ce daga cikin hanyoyi. Ga manyan jijiyoyi akwai rufe su da zafin leza, akwai fiɗa, wani kuma safa da motsa jiki sun ishe shi. Likita ne zai zaɓa bayan ya duba.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da iko a kan gado, amma sauran muna da ta cewa. Tafiya a ƙasa zuwa makaranta, tuƙa keke da buga ƙwallo duk suna ƙarfafa sharaɓa. Idan tsayuwa ta yi tsawo a filin taron safe, ku riƙa ɗaga dunduniya kuna saukewa. Lokacin karatun jarrabawa, ku miƙe ku taka duk bayan rabin awa. Man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko wanda aka ce yana haskaka fata cikin mako guda, ku bar shi a kanta. Man kaɗanya da basilin sun isa su tausasa fata lokacin hunturu.

Ku kai wannan ilimi gida. Idan Inna tana kukan nauyin ƙafa da yamma, ku sa mata matashi biyu ta ɗora ƙafafun na minti 15 zuwa 20. Idan Baba yana da miki a idon sawu da ya ƙi warkewa yana ta barbaɗa masa garin kafso, ku lallashe shi ya je a duba. Idan ƙawarku ta nuna muku zane a cinyarta ta ce an gaya mata wani wuri da ake allura da araha, ku tambaye ta man da take shafawa, ku raka ta wurin malamar jinya.

Masu sha'awar darasin nazarin halittu kuma, ku riƙe shi da kyau. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris nan a Makarfi, ga tsangayar likitanci a Zariya, duk ba su da nisa da gida. Yankinmu yana buƙatar ma'aikatan lafiya da za su yi wa majinyaci bayani da harshensa, su faɗa masa lokacin da allura ta dace, su kuma iya ce masa ya koma gida lafiyarsa ƙalau idan ba ya buƙatar komai.